Ɗakin Kawu da Ruwan Goron Dutse

Na Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya. An yi masa salla a ƙofar gidansa da ke Zaitawa, aka kai shi makwancinsa. Babu wanda ya ce in rubuta wani abu a kansa. Ni na ga dama, domin abin da na ji ana faɗa a zaman makoki ya ishe ni. Idan aka bar maganar a haka, ba da jimawa ba za a manta da mutumin da muka sani, a riƙa tuna wani waliyyi da ba a taɓa yin sa ba.

Ina zaune cikin mata a tsakar gida, muryoyin maza suna shigowa daga zaure. Liman ya ce Malam ya shayar da unguwanni, duk wanda ya kurɓi ruwan burtsatsen da ya haɗa, ladan yana isa kabarinsa. Mai unguwa ya ce bai taɓa ganin mutum mai riƙon sirri irinsa ba. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce ko ƙuda Malam ba ya iya kora da ƙarfi. Na dube ta, na tuna ranar da ya kore ni daga ɗakinsa da littafi a hannu. Umma kuwa kuka take na gaske, domin shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu.

Cikin masu ta'aziyya akwai wata mata da ta gangaro daga Goron Dutse. Ta yi addu'a, ta shafa, sannan ta matso kusa da kunnena.

"Allah Ya jiƙan Malam. 'Yar nan, an ce ke ce kike aiki da shi. Yanzu ruwan namu fa?"

Na ce mata, "Ana nan ana ƙoƙari, Baba."

Ita kaɗai ce a gidan nan ta yi maganar da ke cikina. Famfon unguwarsu ya tsaya tun kafin Kawu ya kwanta ciwo, kuma maganin tsayawarsa yana nan cikin wani ɗaki da ke jikin zaure, an garƙame shi da kwaɗo.

Dole in yi bayani, don wanda bai san aikinmu ba. Kawu ya yi aikin lantarki a wata ma'aikata har ya yi ritaya, kuma sai da furfura ta fara fito masa ya koya wa kansa rubuta manhaja. Wannan ba zan rage masa ba, yana da kai. Shi ya ƙirƙiro wani ɗan akwati da ake liƙawa jikin burtsatse mai aiki da sola. A cikin akwatin akwai ƙaramin allon lantarki, a cikin allon akwai manhaja. Ita ke duba ƙarfin rana ta tayar da famfo, ita ke kashe shi idan tanki ya cika, ita ce kuma ke tsayar da shi idan ruwan ƙasa ya ja baya, don kada injin ya yi ta juyawa a bushe ya ƙone. Unguwanni da dama a cikin ganuwa da wannan akwati suke shan ruwa. Da na gama karatun kwamfuta, Umma ta roƙe shi ya ɗauke ni, na zama ta uku cikin masu taya shi.

Abin da mutum ya rubuta da hannunsa, allo ba ya gane shi kai tsaye. Sai an bi da rubutun ta wata manhaja da ake kira kwamfaila, ta juya shi zuwa abin da allon ke iya karɓa. Mu haɗawa muke ce wa wannan. Kuma babu mai rubuta komai daga tushe. Ana jingina da rubutun wasu, wanda ake sauko da shi daga intanet, muna ce masa laburare: wannan ta karanta agogo, waccan ta auna wuta. Kowace laburare tana da bugu-bugu kamar littafi, kuma idan ka ɗauko bugun da bai dace da 'yan'uwansa ba, ko dai haɗawar ta ƙi, ko ta yiwu amma famfo ya riƙa yin abin da ya ga dama. Shi ya sa ake da fayil na tsari, inda ake rubuta wace laburare, wane bugu, da wane saiti za a haɗa. Duk inda ake aikin hankali, wannan fayil a fili yake, kowa na iya ɗauka ya haɗa a kwamfutarsa.

A wurin Kawu ba haka ba ne. Rubutun manhajar yana ba mu, mu gyara, mu ƙara. Amma haɗawa, sai a tsohuwar kwamfutarsa da ke wancan ɗaki. Mu kawo gyaranmu a filashi, mu miƙa daga bakin ƙofa kamar masu kai kayan gaisuwa. Ya shiga, ya tura ƙofa, ya fito da abin da za a ɗora wa allo. Ko kalmar sirri bai sa wa kwamfutar ba. Kwaɗon ƙofa shi ne kalmar sirrinsa, makullin kuma yana aljihun gaban rigarsa tare da goro.

Laburaren da yake amfani da su tsofaffi ne, wasu ma masu su sun janye su daga intanet tun tuni. Wasu kuma ya shiga cikinsu ya yi musu kwaskwarima da hannunsa, bai rubuta abin da ya canza a ko'ina ba. Idan aka ce masa sabon bugu ya fito, sai ya ɓare goro ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani." Idan aka tambaye shi wane saiti ya sa, sai ya shafa tumbi ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Yana alfahari da kakanmu, Balaraben fatake da ya zauna a birni, wai har ya rasu ko ɗan cikinsa bai san wurin wa yake sayo turare ba. Kawu yana ba da wannan labari kamar wata karama. Ni kuwa abin da na lura da shi, cinikin turaren tare da kakan aka binne shi.

Yana da dalilinsa na ƙin sabo, kuma na san dalilin. Kafin zuwana, wani abokin aikinsa ya taɓa sabunta laburare guda ba da saninsa ba. Manhaja ta haɗu lafiya, aka ɗora, famfon Zaitawa ya yi ta juyawa babu ruwa har injin ya ƙone. Daga ranar ya sayi kwaɗo. A kan ƙin sabuntawa barkatai ban taɓa jayayya da shi ba, gaskiyarsa ce. Ni cewa na yi a rubuta. A ajiye tsofaffin nan nasa yadda suke, da lambar bugunsu, da gyaran da ya yi musu, a wurin da mutum fiye da ɗaya zai iya kaiwa.

Wata rana na ɗauki abin da muhimmanci. Na buɗe mana rumbun ajiya na haɗin gwiwa a intanet, na tsara fayil ɗin tsari, na cike abin da na iya ganowa, na bar gurabe inda shi kaɗai ya sani. Na kai masa a gaban abokan aikinmu biyu, a zatona gaban mutane zai ji nauyi. Ya sauko da tabarau kan hanci, ya karanta daga sama har ƙasa, yana tauna.

"Wa ya sa ki?"

"Babu kowa, Kawu. Gani na yi ba a fafe gora ranar tafiya. In wani abu ya sami kwamfutar nan, ko kuma..."

"Ko kuma me? Ƙarasa mana."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Ni kike yi wa lissafin kwana? Ke da aka roƙe ni na ɗauke ki? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A watsa aikina a intanet, kowane mai gaggawa ya sa hannu, gobe a ƙona wa mutane inji a ce Malam ne."

"Ba watsawa ba ne, Kawu. Mu huɗu ne kawai za mu gani."

"Huɗu sun yi yawa da uku."

Abokan aikin suka sunkuyar da kai. Ya sa na goge rumbun a gabansa, ya tsaya a kaina har na gama. Daga nan ya daina ba ni rubutun manhaja, ya mayar da ni liƙa waya da dalma har damina ta wuce. Duk wanda ya zo shagon da muke aiki a ƙofar gidansa sai ya nuna ni ya ce, "Ga injiniyarmu, ta fi ƙarfin aikin tsofaffi." Na ji zafin wannan, har yanzu ina ji, kuma ba zan yi ƙaryar cewa mutuwarsa ta goge shi ba.

An ce a ambaci alherin mamaci, to ga wanda na gani da idona. Lokacin da na koma aiki bayan haihuwar 'yata ta fari, bazara ce, shagon da muke zama kwanon rufinsa kamar tanda. Yarinyar ta yi ta kuka, ƙuraje sun feso mata a wuya. Kawu ya fito ya tsaya, fuska a murtuke. Na ɗauka korata zai yi. Sai ya ciro makulli, ya buɗe ɗakin, ya shimfiɗa dardumarsa a ƙasa, ya ce, "Kawo ta nan." Akwai fanka guda a ɗakin, wadda ya ajiye musamman don ta riƙa hura wa kwamfutar iska kada ta yi zafi. Ya kashe kwamfutar, ya juya fankar wajen jaririyar. Haka aka yi ta yi har ruwa ya sauka, duk tsakar rana aikin haɗawa ya tsaya sai ta farka. Ni kuwa daga bakin ƙofa nake miƙa ta, daga nan nake karɓarta. 'Yata ta yi barci a ɗakin da uwarta ba ta taɓa zama a ciki ba.

Haka yake. Yana iya ba ka rigar jikinsa, amma ba zai gaya maka wurin telan ba. A cikin azumi na sha ganinsa ya hau Goron Dutse da rana tsaka don waya ta kwance a akwati, bai karɓi ko godiya ba. Yana son a zo a same shi. Yana son a ce sai Malam. A ganina wannan ne ainihin ciwon, ya fi tsoron ƙonewar inji ƙarfi a zuciyarsa.

A ƙarshen daminar bara tsawa ta faɗa kusa da burtsatsen Goron Dutse, allon akwatin ya ƙone. Irin allon da muke amfani da shi an daina yin sa, wanda aka samu a kasuwa ƙaninsa ne, ya ɗan bambanta. Gyaran da manhaja ke buƙata kaɗan ne, ni ma na rubuta shi a yini guda. Saura haɗawa. Kawu ya karɓi filashin ya ce sai ya duba da kyau. Kafin ya duba, hawan jini ya kayar da shi.

Na je asibiti da Umma. Ya rame, amma idon nan yana nan. Rigarsa tana rataye a jikin gado, ina ganin tudun makullin a aljihu. Na gaishe shi, na zauna, na daure har Umma ta fita alwala.

"Kawu, mutanen Goron Dutse suna shan wahala. Ka ba ni makullin, in haɗa a kwamfutarka, ba zan taɓa komai ba. Ko ka gaya mini ta waya, ina yi kana ji."

Ya juyo ya dube ni.

"Dubiya kika zo, ko rabon gado?"

"Kawu, ruwa fa."

"In na tashi zan yi. Ba yau aka fara rashin ruwa a Kano ba."

Ya juya fuska wajen bango. Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da shi.

Da ya rasu, makullin ya koma hannun babban ɗansa, wanda ke sayar da rodi a Ƙofar Ruwa, bai san komai a kan manhaja ba kuma bai taɓa cewa ya sani ba. Ni 'yar ƙanwa ce, ba na cikin magada, ba ni da bakin cewa a buɗe ɗakin mamaci ana tsakiyar makoki. Ga shi kuma ni da shi taubasai ne, tun muna yara ba mu taɓa yin magana ba tare da tsokana ba. Shekara da shekaru in ya zo shago yakan ce, "Kina nan kina gadin akwatin tsohon?" ni kuma in ce, "Ina nan, ni zan gaje shi, kai ka gaji tabarau." Bayan sadakar uku na tare shi a soro, na sassauta murya.

"Alhaji, don Allah kwamfutar ɗakin nan, kada a taɓa ta sai na zo. Ruwan unguwanni yana cikinta."

Ya yi murmushin farko da na gani a fuskarsa tun rasuwar.

"Taubashiya, tun ƙasar kabari ba ta bushe ba? To na ji, ranki ya daɗe."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani, ai ke ba kya wasa."

Na tafi da zaton ya fahimta. Da aka yi sadakar bakwai, aka fitar da rigunan Kawu da takalmansa aka rabar, kamar yadda aka saba. Magada suka zauna suka ga babu wanda zai yi amfani da tsohuwar kwamfuta a cikinsu, suka yanke a ba makarantar Islamiyyar unguwa, ta zame masa sadaka mai gudana. Kafin a kai, ɗan nasa ya ɗauke ta ya kai wa mai gyara, ya ce a goge duk abin da ke ciki.

Da labari ya iso ni na same shi a rumfarsa.

"Me ya sa ka goge?"

"Haba, ke ma kin san Baba. Mutumin da bai bar kowa ya leƙa ba yana raye, in bar yaran makaranta su buɗe su ga abin da ya ɓoye? Rufin asirin mamaci ai wajibi ne a kanmu."

"Na gaya maka ruwan mutane yana ciki."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Wallahi na ɗauka irin maganarmu ce. Ruwa a cikin kwamfuta? Kuma ai ke kina da komai a taki, ba tare kuke aikin ba?"

Ban riƙe shi a zuciya ba. Ya yi wa ubansa abin da ɗa nagari ke yi, kuma ya yi daidai da abin da uban ya nuna masa tsawon rayuwarsa. Wanda nake jin haushi yana kwance a maƙabarta.

Na je Islamiyyar. Na tarar da kwamfutar a kan tebur, an lulluɓe ta da sabon leshi, 'yan mata suna layi suna koyon buga sunansu. Malamin ya ba ni aron ta da mutunci. Mai gyaran ya yi aikinsa tsakani da Allah: ya goge, ya ɗora sabon tsari, ya cika faifan da karatuttuka. Abin da na iya tsamowa guntaye ne, rabin fayil nan, sunan laburare can, babu lambar bugu.

Tun daga lokacin nake lalube. In sauko da bugun da nake zato, haɗawa ta ƙi, in sauko da na bayansa, wata laburaren ta ce ba ta san shi ba. Ɗaya daga cikin abokan aikinmu ya gaji ya koma gyaran waya. Kwanan baya na samu ta haɗu, na ɗora a sabon allo, na gwada da ƙaramin famfo a cikin baho. Ya tashi lafiya. Na kwashe ruwan bahon don in ga ko zai tsaya, sai ya ci gaba da juyawa a bushe har na zare waya. Wani gyara ne Kawu ya yi a cikin wata laburare, ban san wacce ba, ban san me ya canza ba. Zan gano, ko in sake rubuta wannan ɓangaren daga tushe, amma ba zan ɗora wa mutane abin da zai ƙona musu inji ba. Kafin nan rani ya shigo sosai. Matan Goron Dutse suna gangarowa da jarkoki, su hau da su. Sauran akwatunan da ke cikin birni suna aiki, kuma duk wanda allonsa ya lalace, layin nan zai shiga.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, Umma ta kira ni ɗaki. Ta ga yadda nake amsa addu'o'i da leɓe kawai.

"Ki yafe wa kawunki. Yana inda ba ya iya gyara komai yanzu."

"Nawa na yafe, Umma. Wulaƙancin da ya yi mini, da maganar asibiti, duk na bar shi, Allah Ya jiƙansa. Amma na ruwan ba nawa ba ne. Ba ni da ikon yafe haƙƙin mutanen da ban ɗauki jarkarsu ba."

Ta ci gaba da jan carbi. Na ɗauka faɗa za ta yi mini. Sai ta dafa bango ta miƙe, ta jawo mayafinta.

"Tashi ki raka ni."

"Ina, Umma?"

"Goron Dutse. Tunda nasu ne, su zan roƙa. Gida-gida zan bi."

"Da gwiwar nan taki?"

"Ba shi da wata ƙanwar."

Mai adaidaita sahu ya sauke mu inda hanya ta ƙare, sauran muka taka. Tana hawa tana hutawa, hannunta a kafaɗata, bakinta bai daina motsi ba: Allah Ka yi masa rahama, Ka sassauta masa tambaya, kada Ka kama shi da abin da ya riƙe. Ina cewa amin. Muka wuce tankin, famfunan suna jere a bushe, awaki kwance a inuwarsa.

Na nuna mata gidan matar da ta yi mini magana a wurin makoki, muka ce da ita za a fara. Umma ta tsaya a zaure ta daidaita numfashi, ta yi sallama. Mijin ne ya leƙo, dattijo mai sanda. Umma ta gaya masa ko ita wace ce, ta ce wurin maiɗakinsa ta zo, da wata 'yar magana.

Ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam. Ai ba ta nan, Hajiya, ta gangara ɗiban ruwa. In ba ku gaggawa ku zauna, amma takan daɗe."

Umma ta zauna a kan dakali, na zauna kusa da ita, muka jira.